Ku Tambayi Likita: Wai yanzu ana cire yanar ido ba sai an yi ta ɗiga magani ba?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan kusan duk saƙonnin da suka shigo magana ɗaya suke, wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp wai Turawa sun daina ba da maganin ɗigawa bayan aikin yanar ido. Na sa wasiƙar wata baiwar Allah daga Garwa a gaba don ita ta tattara damuwar kowa, sauran suna biye.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Mahaifiyata ce, ta haura shekara 70, tana zaune a ƙauye can wajen Lagdo. Bara aka yi mata aikin yana a idon dama kuma alhamdulillahi ta gani, amma wallahi mun sha wuya da kolir ɗin nan, wato maganin ɗigawa a ido, kwalba biyu aka bamu ɗaya sau huɗu a rana ɗayar kuma wai ana ragewa duk sati, ita bata karatu ga hannunta na rawa, ni kuma ina ɗakin miji ga yara bazan iya zaman ƙauye wata guda ba, jikarta da muka bar mata yarinya ce ƙarama wani lokacin ta manta wani lokacin ta haɗa mata duka lokaci ɗaya. Yanzu idon hagu ya rufe, ta ce in dai da ɗige-ɗigen nan ne a ƙyale ta haka. Sai ƙanena ya turo min bidiyon nan. Da gaske ne? Ba cutarwa? Mu jira har abin ya iso ƙasar nan ko yaya zamu yi?

AMSA: 'Yar'uwa sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri, ya ba Inna lafiya. Eh da gaske ne, ana yi, ba ƙarya ba ce. Sai dai abin da bidiyon bai tsaya ya faɗa ba shi ne maganin yana nan ba a soke shi ba, likita ne yake sa shi da hannunsa a cikin idon kafin a sauko da mutum daga gadon tiyata, maimakon a miƙa miki ordonans, wato takardar sayen magani, a ce je ki gida ki yi ta fama.

Bari mu fara daga aikin kansa. A bayan baƙin tsakiyar ido akwai wani ɗan madubi garai-garai da Allah ya halitta, shi ke tattara haske. In shekaru suka ja, ko ciwon suga, ko buguwa, sai ya dushe ya yi fari, wannan ita ce yana. Babu ɗigo ko tofi ko kwalli da ke wanke ta, cire ta ake yi a sa madubin roba a gurbinta, wanda wani likitan Ingila Harold Ridley ya fara sawa a 1949 a Landan. Hanya biyu ce yanzu, ko a farfasa yanar da na'ura a zuƙe ta, wato fako, ko kuma a ɗan tsaga gefen ido a zaro ta gaba ɗaya da hannu, wannan ta biyun ita aka fi yi a wajajenmu kuma aiki ne mai kyau in hannu ya ƙware, musamman ga yanar da ta nuna ta yi tauri irin ta tsofaffinmu. Ba a sa mutum barci, idon kaɗai ake kashewa, galibi ƙasa da rabin awa an gama.

To bayan an gama abu biyu muke tsoro. Na farko ƙwayar cuta ta shiga cikin ƙwayar idon ta ruɓar da shi, ba kasafai yake faruwa ba amma in ya faru yana iya cinye ido cikin kwana biyu uku. Na biyu kumburi, don duk inda aka taɓa da wuƙa sai jiki ya yi fushi. Shi ya sa kwalba biyu, antibiyotik na farko, kortizon na biyu, wani lokaci har da ta uku. Yi lissafi da kanki ki gani, antibiyotik sau 4 a rana sati ɗaya ɗigo 28 kenan, kortizon sau 4 satin farko, sau 3 na biyu, sau 2 na uku, sau 1 na huɗu, 70 kenan, kinga mun kusa 100, kuma kowane ɗaya ana so ya faɗa cikin ido da hannu mai tsabta a kan lokacinsa.

Ni dai bana ganin laifin Inna ko kaɗan. Duk wanda ya zauna a ɗakin duba ido ya san yadda abin yake, tsohuwa ta zo randebu ka ce Inna ina maganin, sai ta kwance bakin zane ta fito da kwalbar tare da ɓarin goro da 'yan canji, murfin ya yi ƙura, ka ce nuna min yadda kike sawa, ta ɗaga kai ta runtse idon gam, hannu na karkarwa, bakin kwalbar ya gogi gashin ido, ɗigon ya sauka kan fatar ido ya gangaro kumatu, ta sa gefen mayafi ta goge ta ce an sa. A ranta ta sa magani sau huɗu kullum bata taɓa fashi ba, kuma gaskiya take faɗa. Kar ki ɗauka mu kaɗai ne, a Kanada an yi wani bincike a 2014 aka zuba wa mutanen da aka yi wa aikin yana ido suna ɗiga wa kansu magani, sama da kashi 90 cikin 100 akwai abin da suka yi ba daidai ba, ko basu wanke hannu ba, ko ɗigon ya kauce, ko sun taɓa ido da kwalbar. Mutanen da ke da famfo a ɗaki kenan da lantarki. Mu sai ki ƙara da ƙurar hunturu, da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a Garwa kwalba na ajiye a ɗakin kwano, da kolir na jabu da ake sayarwa a tire a tasha. Don haka ni a ganina wannan dabara ta fi dacewa da ƙauyukanmu fiye da can inda ake tallanta.

Yanzu yadda ake yi. Ɓangaren antibiyotik shi ne wanda hujjarsa ta fi ƙarfi, kuma shi nake so kowa ya riƙe. Da zarar an sa madubin roba, likita zai ɗauki siririyar allura ya zuba ɗan magani, kashi ɗaya cikin goma na mililita, a cikin ruwan gaban ido. Likitocin Suwidin ne suka yi gaba da wannan, sannan ƙungiyar likitocin yana ta Turai ta gwada shi a asibitoci 24 cikin ƙasashe 9 kan mutum sama da 16,000, sakamakon ya fito a 2007, waɗanda aka zuba wa sefuroksim ruɓewar ido ta ragu musu kusan ninki biyar. Asibitocin Aravind na Indiya, su da suke yi wa talakawa aiki irin namu na hannu da yawan gaske, sun yi amfani da moksifloksasin, suka duba aiki sama da 600,000 suka buga a 2017, ruɓewar ta sauko daga kusan ido 7 cikin 10,000 zuwa 2 cikin 10,000. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. In aka haɗa shi da wanke ido da Betadine kafin a fara aiki, wanda duk asibitin kirki na yi, to kariyar da ake samu a ɗakin tiyata ta fi ta ɗigon gida tabbas nesa ba kusa ba, likitoci da yawa a Turai ma in sun zuba wannan basa ƙara rubuta antibiyotik na ɗigawa.

Ɓangaren kortizon ne ke da magana. Ana so maganin ya zauna yana narkewa a hankali har sati uku huɗu ko fiye, to akwai hanyoyi. Akwai triyamsinolon da ake tsirawa ƙarƙashin siririyar fatar da ta rufe farin ido, in kin ja fatar ido ta ƙasa zaki ga ɗan farin tabo a wurin, ba ƙwantsa ba ce ba mugunya ba, maganin ne, kar a goge kar a tsokane, da kansa zai ɓace. Akwai waɗanda suke tura shi can cikin ruwan bayan ido haɗe da antibiyotik, wannan ya yi tashe a Amurka wajen 2014, amma da yake maganin fari ne mai kauri mutum zai kwana biyu har sati yana ganin hazo da baƙin ɗigo-ɗigo na yawo, tsoho ya ɗauka aikin bai yi ba hankalinsa ya tashi. Sai kuma wasu biyu da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a 2018, Dexycu da ake zubawa da allura a bayan baƙin ido lokacin aiki, da Dextenza wani ɗan mitsitsin abu da ake cusawa a 'yar hudar hawaye ta gefen hanci yana sakin magani har kwana 30. Waɗannan biyun ɗaruruwan daloli ne kuɗinsu, ba su ne abin da zamu sa wa rai ba. Triyamsinolon kuwa tsohon magani ne mai araha.

Ga inda gizo ke saƙar. Kortizon yana ɗaga tansiyon ɗin ido, wato matsin ruwan da ke cikinsa, ga wasu mutane. Lafiyayyen ido awonsa tsakanin 10 ne da 21, kusan mutum 1 cikin 3 in ya daɗe kan kortizon nasa zai ɗan hau, ƙalilan kuma kamar 5 cikin 100 zai hau sosai, kuma abin haushi sau da yawa ba ciwo ba ja, a hankali yake cin jijiyar gani, abin da ya ci kuma baya dawowa. In ɗigo ne da an auna an ga ya hau sai a ce daina, shikenan. Wanda aka tsira ƙarƙashin fatar farin ido ana iya ɗan yankawa a cire ragowar in ta kama. Amma wanda aka tura can ciki gishiri ne da ya riga ya shiga miya, ba a tsame shi, sai dai a bi shi da wani maganin sauke tansiyon har ya ƙare don kansa. Mu kuma baƙar fata, musamman nan yammaci da tsakiyar Afirka, hawan jinin ido ya fi yawa a cikinmu ya fi kuma tsanani, ga shi bincike a Amurka ya nuna kumburin da ke ƙin kwanciya bayan aikin yana ya fi samun baƙar fata. Ma'ana ko an yi wa Inna ba ɗigo, tana iya zama cikin waɗanda bayan sati biyu uku idon zai sake ja a ce sai an ƙara mata kolir. Wannan ba gazawar aiki ba ce, abu ne sananne.

Shi ya sa nake roƙonki ki fahimci wannan da kyau, an ɗauke miki ɗigo ba a ɗauke miki dawowa asibiti ba. Washegari, bayan sati ɗaya ko biyu, da kuma wajen sati huɗu zuwa shida, sai an duba an auna tansiyon. Babban tsorona da bidiyon nan shi ne mutane su ji ba ɗigo su fassara shi da ba komawa, a ɗora tsohuwa kan moto a mayar da ita ƙauye ba a sake ganinta ba sai bayan shekara.

Akwai kuma batun ingancin abin da ake zubawa. Abin da zai shiga cikin ido ba ya son kuskure ko kaɗan. A 2017 a birnin Dallas na Amurka mutum sama da 40 ganinsu ya lalace saboda haɗin triyamsinolon da moksifloksasin da wani wurin haɗa magani ya yi ba daidai ba. A shekarar dai hukumar magungunansu ta yi gargaɗi kan zuba wani antibiyotik mai suna bankomisin a ido, don ga wasu ƙalilan yana toshe jijiyoyin jinin bayan ido su makance. Sefuroksim ma in aka sirka shi ya yi ƙarfi yana kumbura bayan ido, shi ya sa kamfanin Théa na Faransa ya fito da Aprokam a 2012 wanda aka auna shi musamman don ido, Aurolab na Indiya ma na yin nasu na moksifloksasin. Don haka in wani ya ce miki a kawo Inna wani ɗaki a bayan kasuwa yana da allurar Amurka, ki riƙe kuɗinki.

Maganar jira kuwa, a'a 'yar'uwa, kar ku jira. Yana in ta wuce nuna tana iya kumbura ko ta tsiyaye a cikin ido ta ɗaga tansiyon da ciwo mai tsanani har idon ya tafi gaba ɗaya, ga tsohuwa mai ido ɗaya bata iya auna zurfin rami ko dokin ƙofa, faɗuwa ɗaya ƙugu ya karye an shiga wani babin. Ku kai ta sashen ido na babban asibiti, a nan arewa ƙungiyar Ophtalmo Sans Frontières ta daɗe tana aiki da cibiyoyin ido, a kudu kuma akwai cibiyar Magrabi kusa da Yawunde da aka buɗe a 2017 ga mai hali. Ki zauna da likitan da zai yi aikin ki faɗa masa abin da kika faɗa min ba ƙari ba ragi, cewa babu mai ɗiga mata magani yadda ya kamata. Ki tambaye shi ko yana zuba antibiyotik a cikin ido a ƙarshen aiki, ko zai iya yi mata allurar kortizon mai daɗewa, kuma nawa tansiyon ɗin idonta yake. Ba raini ba ne, likitan kirki zai ji daɗin tambayar.

In ya ce a'a sai ɗigo, to ki roƙe shi kwalba ɗaya mai haɗe da magani biyun in ta dace da ita, akwai su a farmasi. Ku ɗaura lokutan da sallah, Asuba, Azahar, Magariba da lokacin kwanciya, tsohuwa bata manta sallah. Mai ɗigawa ya wanke hannu da sabulu, Inna ta kwanta rigingine ta kalli rufin ɗaki, a ja fatar ido ta ƙasa a saki ɗigo ɗaya tak ba tare da kwalbar ta taɓa komai ba, ta lumshe ido minti ɗaya ko biyu. In kwalba biyu ce a bar minti 5 tsakani. Kuma ni da za a bi ta tawa, sati biyun farko gara a kawo ta Garwa wajenki, a nemi alfarmar maigida, ya fi a bar wa yarinya ƙarama wannan nauyi.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Kuseri, kullum ina haye gadar Ngeli zuwa Njamena. Shekarata 62, ina da ciwon suga, kuma ina ɗiga timolol safe da yamma saboda hawan jinin ido. An ce in yi aikin yana. Na gaji da ɗigo wallahi, in na yi irin wannan na huta da duka?

AMSA: Alhaji ina jin gajiyarka amma ba zan ɓoye maka ba, timolol ɗinka babu ruwansa da wannan magana, shi na jijiyar gani ne, zaka ci gaba da shi kafin aiki da bayan aiki sai ranar da likitanka ya auna ya ce ka rage. Cire yana kan ɗan sauke tansiyon ga wasu amma ba a dogara da hakan. Allurar antibiyotik ta cikin ido kai ma ta dace da kai, masu suga ma sun fi buƙatarta. Kortizon mai daɗewa ne sai an yi taka-tsantsan, don mai hawan jinin ido shi ne kan gaba cikin waɗanda tansiyon ke yi wa tsalle, kai kam ɗigon da za a iya tsayarwa ya fi maka kwanciyar hankali.

Suga kuma tana da nata, bayan aiki tsakiyar bangon bayan ido inda gani mai kaifi yake yakan kumbura, galibi bayan wata ɗaya ko fiye, mutum ya ce da farko ina gani tar yanzu rubutu ya dagule. Wani binciken Turai da aka buga a 2018 ya nuna allurar triyamsinolon na rage wannan kumburin ga masu suga, amma ƙari aka yi musu a kan ɗigo ba musanya ba, kuma wasunsu tansiyon ya hau. Kaga kai abin ya haɗe maka ta gefe biyu, sai likitan da ya leƙa bayan idonka ne zai auna wanne ya fi. Ka daidaita sugarka kafin ranar, ka je da karne, wato littafinka na asibiti, da duk kwalaben da kake amfani da su, in kuma penisilin ya taɓa tayar maka da ƙuraje ko ya toshe maka numfashi ka faɗa tun kafin a fara. Bayan aiki ka ɗan huta da hanyar gadar nan, in ya zama dole ka sa tabarau mai rufe gefe saboda ƙura.

TAMBAYA: Daga Marwa nake. Kwana biyar kenan da yi wa Babanmu aiki, ya ce ya ji lokacin da aka yi masa allura a ido da aka gama, da ya ga bidiyon sai ya ce ai shi ma irinsa aka yi masa, ya ajiye kolir ɗin. Mu ƙyale shi?

AMSA: Kar ku ƙyale shi ɗan'uwa, yau ɗin nan ya koma kan maganinsa. Allurar da aka daɗe ana yi a ƙarshen aiki a asibitocinmu yawanci jantamisin ce da deksametazon, kwana ɗaya biyu ƙarfinta ya ƙare, an yi ta ne don ta riƙe ido kafin a cire bandeji a fara ɗigo. In da mai daɗewa aka yi masa da ba a rubuta masa kolir ba. Ku lallaɓa shi cikin ladabi, ku nuna masa wannan shafin in ya ƙi. Sannan ku sa ido, in ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ganin da ya samu ya fara komawa baya, ko idon ya yi jajir, fatar ta kumbura, ko ruwa mai kauri na fita, to ba a kwana, ba a jiran ranar randebu, ba a gwada nonon mai shayarwa ko ruwan wani ganye, a kama hanyar asibitin da aka yi aikin a ranar ko da dare ne.

TAMBAYA: Ni mace ce daga Ngaundere, an sa min ranar aiki dab da azumi. Ɗigo na karya azumi? Kuma yaya zan yi da sujada da alwala?

AMSA: Hajiya hukuncin na malamai ne, kuma sun yi saɓani, da yawa sun ce baya karyawa, a mazhabar Malikiyya da muke bi kuma ana duba ko ɗanɗanon ya kai maƙogwaro, sai ki tambayi malaminki. Abin da ni zan ƙara, in kin ɗiga ki lumshe ido ki danna lungun ido na gefen hanci da yatsa mai tsabta minti biyu, nan ce magudanar da ke kai shi maƙogwaro, dannawar na tare mafi yawansa. Abin da bana so shi ne ki tara ɗigon yini duka ki zuba bayan shan ruwa, ko ki bari sai bayan Sallah. Irin halinki na cikin dalilan da za ki iya nema wa allurar mai daɗewa in idonki ya dace, ko ki roƙi a matsa ranar. Alwala kuwa kar ruwa ya shiga idon a satin farko zuwa na biyu, sujada ki tambayi wanda ya yi aikin don ya danganta da irin tsagar, da yawa suna cewa a yi sallah a zaune da nuni na 'yan kwanaki. Kwalli a ajiye shi har wata guda, hayaƙin murhu da daka da shara a bar wa yara.

TAMBAYA: Likita a ƙauyenmu wajen Mora akwai mai zuwa ranar kasuwa yana cire yana da tsinke, shi ma baya ba da ɗigo, kuma nan take mutum ke gani, kuɗinsa ma ana iya biya da akuya. Meye bambancinsa da na Turawan?

AMSA: Malam bambancin babba ne, kuma ina roƙonka don Allah kar ka kai kowa naka. Shi ba cire yanar yake ba, soka ido yake ya tunkuɗa ta ta faɗa can bayan ido, haske ya shigo, mutum ya ga inuwar mutane ya yi kabbara, jama'a su shaida, shi kuma ya naɗe tabarmarsa kafin sati ya zagayo. Ba madubin roba a gurbin, don haka ko an dace sai da tabarau mai kauri sosai za a gane fuska. Yanar da ta faɗa ciki tana nan tana tayar da kumburi da tansiyon, tsinken kuma ba a dafa shi ba balle a zuba antibiyotik. A binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, sama da kashi biyu cikin uku na idanun da aka yi wa wannan turin a makance aka same su. Na san abin da ke kai mutane wajensa, nisa ne da kuɗi da tsoron asibiti, ba wauta ba ce. Amma akuyar nan in aka sayar da ita ta rage wani abu a kuɗin mota da na aiki, kuma lokaci-lokaci ana shirya aikin yana kyauta ko da rangwame a manyan garuruwa, ku riƙa tambayar anfirmiye na cibiyar lafiyarku da sauraron sanarwar rediyo da ta masallaci. Wanda kuma aka riga aka yi wa turin, a kawo shi a auna tansiyon ɗin idon ko da yana cewa lafiya lau yake ji, kuma kar a bari a taɓa ɗaya idon.